Ya Ruwa? Ruwa Ya Yi Gyara: Nasiha Kan Hirar Yau Da Kullum

'Ya'yana da ƙannena na Daudawa, da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da duk wanda wannan takarda ta iske.

Wani dare cikin daminar da ta wuce ina zaune a rumfar mai shayi bayan sallar isha'i. Samari shida ne a kan benci, kowa kansa sunkuye a kan waya. Sai ga wani dattijo ya zo sayen burodi. Ya yi sallama, ya ce, "Samari, ya muka ji da ruwan jiya?" Mutum ɗaya ne ya ɗago, ya ce "Lafiya lau," ya mayar da kai. Dattijon ya ɗan dakata kamar mai jiran wani abu, sannan ya karɓi canjinsa ya juya.

Na tashi na bi shi na ce, "Baba, ruwa ya yi gyara. Ya naku wajen?" Kafin mu kai ƙofar gidansa ya faɗa mini abu uku. Ruwan ya cinye hanyar rafi, babur ba zai wuce da kaya ba sai an kewaya. Tsutsa ta fara shiga cikin masara a gonakin da ke gabas da gari. Mai ɗakinsa kuma kwananta biyar a kwance, ba wanda ya leƙo domin ba wanda ya sani. Duk wannan yana ƙunshe cikin tambayar ruwa, kuma da ɗaya daga cikin samarin nan ya amsa gaisuwar yadda iyayenmu suke amsa ta, da shi aka faɗa wa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na sha jin wasunku suna cewa hirar ruwa da sanyi da lambu hirar tsofaffi ce, ɓata lokaci ce, ba ta kawo ko sisi. Ni kuwa shekarun da Allah ya ba ni sun nuna mini cewa ta wannan ƙaramar hira ce amana da ilimi da taimako suke yawo a cikin gari. Kamar hanyar ƙafa take tsakanin gida da gida. Idan ana binta kullum tana nan fes, idan aka daina ciyawa ta rufe ta, ranar da gobara ta tashi a rasa ta inda za a kawo ruwa.

Ku duba yadda gaisuwarmu take tafiya da shekara. Da bazara a ce, "Ya zafi?" Da damina, "Ya ruwa?" Da kaka, "Ya aikin gona?" Da hunturu, "Ya sanyi, ya ƙura?" Amsa kuma ba ta zuwa da ƙorafi: "Lokacinsa ne," ko "Ruwa ya yi gyara." Ko da ruwan ya rushe wa mutum katanga, sai ya fara da godiya, daga baya ya faɗi ɓarnar. A cikin wannan tsari akwai tarbiyya: yarda da hukuncin Allah tukuna, sannan neman mafita. Akwai kuma hikimar zaman tare, domin sama ɗaya ce a kan mai kuɗi da talaka, a kan ɗan wannan jam'iyya da na waccan, a kan manomi da makiyayi. Mutum biyu da suka yi sa-in-sa jiya, kunya ta hana kowa fara ba da haƙuri, za su iya haɗuwa a kan zancen hadari ba tare da wani ya ji an ƙasƙanta shi ba. Sulhu da yawa daga "Yau kam da alamar ruwa" ya faro.

Kuma hirar yanayi makaranta ce ga mai kunne. Zauna da dattijon da ya yi damina sittin a gona, zai gaya maka cewa hadarin da ke kawo ruwan kirki a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa. Zai nuna maka shamuwa idan ta sauka a kan bishiyoyin gari, ya ce damina ta ƙarato. Zai nuna maka gawo, itacen da ke zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa suke tofo, ya gaya maka dalilin da ya sa dawa take kyau a ƙarƙashinsa. Zai hana ka garajen shuka da ruwan farko, ya ce ka tona ƙasa ka ga inda laima ta kai, domin ya sha ganin an shuka cikin Mayu ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, tsiron ya ƙone, a sake sayen iri. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 da idonsa ba ya wasa da hatsin rumbu, kuma idan ka tambaye shi zai gaya maka abin da aka ci a lokacin da yadda aka rayu.

Ku ma kuna da abin da za ku kawo wajen hirar. Kun karanta a makaranta cewa damina tana zuwa ne idan iska mai laima ta taso daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma ta ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, kuma hazon hunturu ƙura ce da iska take kwasowa daga hamada, mafi yawanta daga wani kwari da ke arewacin Chadi. Kuna iya duba hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Ku kai wa iyayenku wannan cikin ladabi, ku aje shi kusa da abin da suka sani. Idan shamuwar Baba ta haɗu da hasashen da ke cikin wayarka, gonar gidanku ce za ta amfana. Amma kada ka shiga da cewa, "Ai wannan camfi ne." Daga ranar ya rufe maka littafinsa, kuma littafi ne da ba a sayar da shi a kasuwa.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata a koya mana darajar zancen noma ba. Sunan Daudawa ya shiga tarihin auduga tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa gonar iri a nan, ana kai auduga Funtuwa wajen gurza. Kwalejin koyon aikin gona ba a banza aka aje ta a garin nan ba. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama abin cika rumbu da loda manyan motoci a kasuwannin Dandume da Sheme. To, ku tambayi waɗanda suka ga wannan sauyi yadda ya faru. Malamin gona yakan zo ya yi bayani ya hau babur ɗinsa ya tafi. Abin da ya sa mutane suka karɓa shi ne wani ya leƙa gonar maƙwabcinsa ya ce, "Malam, wannan wane iri ne ya yi goyo biyu haka?" Irin da masana suka shekara suna tacewa a Samarun Zariya, ta bakin maƙwabci ya shiga gonakinmu.

Haka abin yake a lambu. Ku je fadama da rani ku ji masu tumatir da tattasai da attaruhu da albasa suna hira a bakin rijiya yayin da injin ban ruwa yake aiki. Ba za ku ji wata babbar magana ba: wa ya dasa da wuri, wane magani ya kama, nawa aka sayar da kwando jiya, wane dillali ne ba ya cika alkawari. Amma a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye lambuna a Kano da Katsina da Kaduna har kwando ya gagari talaka, wanda yake cikin hira shi ya fara jin labari ya yi shiri. Wanda ya keɓe kansa sai a gonarsa ya gani.

'Yan matanmu, wannan magana har da ku. Kusan kowane gida akwai ɗan lungu a bayan ɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke inda Inna ko Gwaggo take da zogale da rama da yakuwa da kuɓewa. Ku tambaye su yadda ake ajiye iri daga shekara zuwa shekara, da yadda ake shanya kuɓewa da kuka a inuwa don kada launi ya gudu, da amfanin toka a gindin shuka. Idan kika kai wa maƙwabciya damin alayyafo kika tsaya kuka yi hira kaɗan, kin shuka abin da ya fi alayyafo tsada. Ita ce za ta fara shigowa ranar da naƙuda ta kama ki cikin dare. Na kuma ba kowane matashi shawara, namiji ko mace, ya shuka wani abu da hannunsa, ko da barkono ne a tsohon bokiti. Mai shuka ba ya rasa abin faɗa wa mutane, kuma ba ya rasa abin tambaya.

Sai zancen ƙarshen mako. A da makonmu Juma'a da ranakun kasuwa ne suke auna shi, almajirai su huta Alhamis da Juma'a. Boko da aikin albashi suka kawo hutun Asabar da Lahadi, har yanzu yawancin ɗaurin aure da tarurruka can ake kai su. Idan abokinka ya ce, "Ina za ka ranar Asabar?" daga nan ake sanin wa ke da suna, wa ke da biki, gidan wa za a je gaisuwar rasuwa, gonar wa za a yi wa gayya. Daga nan ake haɗa kuɗin mota, a ba wani saƙo ya kai wa 'yar'uwa da ke aure a wani gari. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa ba ta tashi sai baki ya shirya mata tafiya. Ina roƙonku, cikin kowane mako ku ware wa mutum ɗaya ziyara wadda ba ta da wata buƙata a bayanta. Kawun da ba ya ganinka sai za ka nemi kuɗin makaranta ya san abin da ke kawo ka. Je ka gaishe shi hannu sake, ka tambaye shi lafiyar ƙafarsa da yadda gyaɗarsa ta yi, ka tashi ba ka roƙi komai ba. Za ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

A nan dole in ja kunnenku, domin zamaninmu ba irin na da ba ne. Dukkanmu mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan yanki, mun kuma san akwai masu kai musu rahoto daga cikin gari. Saboda haka zancen tafiya yana da wurinsa. Ranar da za ka bi hanya, da lokacin da za ka tashi, da buhu nawa Baba ya sayar, da ranar da Yaya zai dawo daga Legas, ba zancen rumfar shayi ba ne, ba kuma na Facebook ko WhatsApp ba ne. Magana zarar bunu ce. Ka yi hira da kowa a kan hadari da ƙwallo da tsadar taki, amma sirrin gida ya tsaya ga waɗanda ka sani ciki da bai. Mai iya hira shi ne wanda zai zauna da mutane awa guda, kowa ya tashi da farin ciki, bai zubar da abin da zai cutar da wani ba.

Wani zai ce, tunda haka ne ai gara kowa ya kama bakinsa. A'a. Tsoro ya raba mu da gonakin nesa, ya raba mu da tafiyar dare, kada mu bari ya raba mu da juna. Ku tuna daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kwanakin da iyaye suka yi suna jira, abin da ya riƙe su bayan addu'a shi ne mutanen da suka zo suka zauna tare da su. Ku tuna kuma Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka rufe kasuwannin mako, aka shafe watanni a haka. Waya ta koma fitila da agogo. Wa ya san halin da ake ciki a lokacin? Wanda ya saba tsayawa ya gaisa da direba a tasha, da mai kayan miya, da ladan, da maƙwabcin bayan gida. Wanda abokansa duk suna cikin waya ya wayi gari baƙo a unguwar da aka haife shi. Layin waya hukuma tana iya yanke shi da takarda ɗaya. Layin da ke tsakaninka da maƙwabcinka kai kaɗai ne za ka iya yanke shi.

Bari in zo kan tsofaffin finafinai, domin a nan ne na fi ganin fuskar dattawa tana haske. Ka tambayi kakanka majigi. Zai ba ka labarin motar da take zuwa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, yara su yi ta tsalle tun kafin duhu, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika. Zai ambaci Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 da aka shirya don koya wa manoma ingantaccen noma, wanda mutanen ƙasar auduga irin tamu suka ga kansu a ciki. Na bayansa za su kawo maka Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero a talabijin, lokacin da akwati ɗaya yake tara unguwa guda. Za su yi maka musu a kan Amitabh Bachchan da Dharmendra wa ya fi, su ba ka labarin Sholay na 1975 tiryan-tiryan alhali ba su jin Indiyanci. Iyayenku mata kuma su tuna zamanin kaset: Turmin Danya a 1990, Sangaya a 1999, Wasila a 2000, da marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, wanda har yau ambaton sunansa kawai yana sa mutane murmushi.

Me ya sa nake so ku riƙa tayar da wannan hira? Domin fili ne da babba da yaro suke haɗuwa ba mai yi wa wani faɗa. Kuma fim ƙofa ce kawai. Idan ka ce, "Baba, a ina kuka kalla?" sai ka ji inda tsohuwar kasuwa take, da wanda ya fara kawo janareta garin, da nawa ake biyan lebura a gonar auduga, da yadda ya haɗu da mahaifiyarka. Tarihin garinku da ba a rubuta ba yana bakin waɗannan mutane, kuma kowace shekara muna binne wani sashe nasa. Bayan haka akwai magani a ciki. Wanda aka kora daga ƙauyensu, ko ya biya kuɗin fansa, ko ya rasa ɗa, ba kullum yake son a tambaye shi abin da ya faru ba. Wani lokaci alherin da za ka yi masa shi ne ka tuna masa daren da ake shimfiɗa tabarma a waje ana kallo har sha biyu ba mai waiwaye. Ya yi dariya minti biyar, ya tuna cewa garin nan ya taɓa zama lafiya, kuma Allah da ya yi wancan yana iya maido da shi.

Ita ma hira tana da ladubbanta. Ka fara da sallama, ka rage tsawo ga babba, ka kira shi da sunan girma: Baba, Kawu, Malam, Inna, Hajiya. Ka sa waya a aljihu, domin ba a sauraron mutum da rabin ido. Ka tambaya fiye da yadda kake ba da labari, kuma idan dattijo ya maimaita labarin da ka ji sau uku, ka bar shi ya kai ƙarshe. Kada ka mayar da kowace magana musu, ba kotu aka zo ba. Wasa halal ne a wurinsa, shi ya sa al'ada ta tanadi wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, da namu Katsinawa da Nufawa, amma wasan da zai sa wani ya kwana da ciwo a zuciya ya tashi daga wasa. Da zarar hira ta karkata ga aibin wanda ba ya nan, ka juya ta, kuma ba abin da ya fi zancen ruwa da gona saurin juya ta. Idan an kira salla a tashi. Idan akwai aiki a tafi aiki, domin zaman majalisa daga hantsi zuwa la'asar zaman kashe wando ne, ba shi nake yabo ba. Addininmu ya sanya kyakkyawar magana da sakin fuska cikin sadaka, ya kuma girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai. Ta yaya za ka sauke haƙƙin wanda ba ka san yadda ya kwana ba?

Mai jin nauyin baki kada ya ce shi ba ya iyawa. Ba a haifi kowa da iya hira ba, koyo ake yi, kuma al'adarmu ta riga ta sauƙaƙe maka, tunda ta ba ka tambayar ta ba ka amsar. Abin da ya rage naka shi ne ka ƙara kalma ɗaya bayan amsa: "Ya naku wajen?" Wanda ya saba da wannan a gida, duk inda neman ilimi ko neman abinci ya kai shi, Kano ko Abuja ko ƙasar waje, ba zai daɗe yana baƙo ba.

Dattijon nan na rumfar shayi, washegari na aika yarana mata suka gaida mai ɗakinsa, maƙwabta suka ji suka shigo, aka kai ta asibiti, Allah ya ba ta sauƙi. Har yanzu yana zuwa sayen burodi bayan isha'i, kuma har yanzu da tambayar yanayi yake buɗe baki. Irinsa suna nan a kowace unguwa, a Daudawa da Yankara da Sabuwa da Ƙanƙara. Gobe idan ɗayansu ya tsaya a kanka ya ce, "Ya muka ji da ruwa?", ka kife wayar, ka matsa masa a benci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazukanmu, ya yi muku albarka.